Gobara Daga Kogi: Sharhi a Kan Wasan Kwaikwayon "Incendies" na Wajdi Mouawad

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san cewa ba gida da gona da 'yan kuɗin ƙarƙashin katifa kaɗai mamaci ke bari ba. Yakan bar bashi, yakan bar amana, wani lokaci kuma yakan bar gabar da shi kansa gadonta ya yi. Alƙali yana iya raba gona, ya fitar wa mata tumuninta, ya ba kowane ɗa rabonsa. Amma ba mu taɓa jin inda aka kasa gaba kashi-kashi ba. Kowane magaji ɗungurungum yake ɗaukarta, ya rene ta, ya miƙa wa na bayansa.

A kan irin wannan gado aka gina wasan kwaikwayon da za mu yi sharhi a kansa, wato "Incendies", wanda Wajdi Mouawad ya rubuta da Faransanci. Ma'anar sunan ita ce gobara, kuma jam'i ne, wato gobara fiye da ɗaya. Mu dai fassarar Ingilishi muka karanta, wadda Linda Gaboriau ta yi, ta sa mata suna "Scorched", sannan muka kalli fim ɗin da Denis Villeneuve ya shirya daga wasan a 2010. A kan rubutaccen wasan za mu fi tsayawa. Muna kuma ba mai karatu haƙuri tun yanzu, domin dole mu fasa ƙwai mu faɗi ƙarshen labarin. Wannan wasa ba ya sharhuwa in ba a taɓa ƙarshensa ba.

Marubucin da Zamaninsa

Labanon ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu. Mutanenta, waɗanda muke kira Kwarori, sun daɗe suna kasuwanci a Kano da wasu garuruwanmu. Sai dai da yawanmu atamfa da yadi muka sani a hannunsu, ba mu san irin wutar da ta ci ƙasarsu ba.

An haifi Wajdi Mouawad a Labanon a 1968. Yana ɗan shekara shida da 'yan watanni yaƙin basasa ya ɓarke. A ranar 13 ga Afrilu, 1975 wasu 'yan bindiga suka buɗe wa wata motar safa wuta a unguwar Ain el-Rummaneh ta birnin Bairut, suka kashe fiye da mutum 20, galibinsu Falasɗinawa. Daga wannan rana ake lissafin yaƙin, wanda bai lafa ba sai a 1990, bayan yarjejeniyar da aka ƙulla a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya a 1989. An ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu sun haura 100,000. A cikin wannan yaƙi ne aka yi kisan kiyashin sansanonin Sabra da Shatila a watan Satumba na 1982.

Iyayen Mouawad sun fita da shi zuwa Faransa a 1978, daga nan suka koma birnin Montreal na ƙasar Kanada a 1983. A can ya yi karatun wasan kwaikwayo, ya gama a 1991. An fara nuna "Incendies" a dandamali a 2003, kuma shi ne na biyu cikin jerin wasanni huɗu: "Littoral" (1997), "Incendies" (2003), "Forêts" (2006) da "Ciels" (2009). Akwai kuma wata mata ta zahiri da rayuwarta ta taimaka wajen ƙera tauraruwar wasan, wato Souha Bechara, wadda ta harbi Antoine Lahad, shugaban Rundunar Kudancin Labanon, a 1988. Bai mutu ba, ita kuma ta yi shekara goma a tsare, akasari a kurkukun Khiam, kafin a sake ta a 1998. Ke nan marubucin yaro ne da aka gudu da shi daga wuta, ya girma a ƙasar ƙanƙara, ya dawo da alƙalami yana tonon toka.

Labarin a Taƙaice

Wasan ya buɗe a ofishin Hermile Lebel, jami'in da ke riƙe da wasiyya, a birnin Montreal. Nawal Marwan ta rasu bayan ta shekara biyar ba ta ce wa kowa uffan ba. Tagwayenta, Jeanne da Simon, 'yan shekara 22, sun zo jin abin da ta bari. Ta bar wa Jeanne wata tsohuwar riga mai lamba 72 a baya, ta bar wa Simon wani jan littafin rubutu. Sannan ga ambulan biyu. Jeanne za ta nemi mahaifinsu, wanda suka ɗauka ya mutu tuntuni, ta ba shi ɗaya. Simon zai nemi yayansu, wanda ba su taɓa jin labarinsa ba, ya ba shi ɗayan. Ta kuma yi wasiyya a binne ta ba likkafani, ba addu'a, fuskarta na kallon ƙasa, kada a sa wata alama a kabarin sai an isar da wasiƙun nan.

Simon, wanda ɗan dambe ne, ya tashi da zagi, ya ce shi ba ruwansa. Jeanne, mai karantar da lissafi a jami'a, ta yi shiru, amma abin ya ci gaba da cin ta har ta kama hanyar ƙasar mahaifiyarta. Da haka labarin Nawal ya riƙa warwara.

Tana 'yar shekara 14 a wani ƙauye ta yi ciki da Wahab, wani yaro daga sansanin 'yan gudun hijira. Aka raba su, aka ƙwace jaririn ranar da aka haife shi. Abin da kawai ta samu ta yi shi ne ta cusa masa wani jan hancin roba a cikin zanen goyo, irin wanda masu wasan ban dariya na Turai ke maƙalawa, wanda Wahab ya ba ta kyauta. Ta kuma yi wa jaririn alkawarin ƙauna ko me zai faru. Kakarta Nazira, tana gab da rasuwa, ta umarce ta da ta bar ƙauyen ta koyi karatu da rubutu da lissafi da tunani, don ta tsinke zaren fushin da matan gidansu ke gada daga uwa zuwa 'ya, sannan ta dawo ta rubuta sunanta a kan kabari. Nawal ta cika wannan alkawari tana da shekara 19, ta kuma shiga neman ɗanta tare da wata ƙawa mai suna Sawda, gwanar waƙa. Suka bi gidajen marayu, yaƙi ya riga su zuwa. A gaban idon Nawal aka ƙone safa cike da mutane.

Tana da shekara 40, bayan an yi kisan kiyashi a sansanin 'yan gudun hijira, Nawal ta harbe shugaban mayaƙan sa-kai. Aka jefa ta kurkukun Kfar Rayat, inda ta riƙa rera waƙoƙin Sawda har aka sa mata suna da waƙar. A nan wani mai azabtarwa, Abou Tarek, ya yi ta yi mata fyaɗe har ta yi ciki, ta haihu ita kaɗai a ɗakin duhu. Aka ba wani ma'aikaci, Fahim, abin da ta haifa a cikin bokiti ya jefa kogi. Ya kasa, ya kai wa wani manomi, Malak, wanda ya rene su, domin ashe tagwaye ne, ya sa musu Jannaane da Sarwane. Su ne Jeanne da Simon.

Da Simon ya sauko daga dokin zuciya ya bi sawun yayansu, sai ya tarar cewa yaron ya tashi da suna Nihad Harmanni, ya shiga yaƙi yana neman uwarsa, bai same ta ba, ya zama maharbin ɓoye mai kashe mutane yana ɗaukar hoton gawarsu. Daga baya aka mayar da shi mai azabtarwa a kurkuku, ya sake suna. Shi ne Abou Tarek. Wato uban da yayan mutum ɗaya ne. Nawal ta gano haka ne a kotu, bayan shekaru masu yawa, lokacin da wanda ake tuhuma ya zaro jan hancin nan ya maƙala yana yi wa shari'a ba'a. Daga ranar ta yi shiru.

Jigo

Babban jigon wasan shi ne yadda ramuwar gayya ke zama gado, da kuma tsadar da ke tattare da tsinke ta. Marubucin ya warware wannan jigo a matakai uku: a cikin ɗaki, a cikin gari, da kuma a cikin jini.

A cikin ɗaki, Nazira ta nuna wa jikarta cewa fushin da take yi da uwarta Jihane, shi ne Jihane ke yi da ita Nazira, shi ne kuma ita ta yi da tata uwar. Tun kafin a harba harsashi ko ɗaya, an riga an yi zalunci a gidan nan, an fizge jariri daga ƙirjin uwarsa saboda gudun abin kunya. Wannan jaririn da aka yar shi ya dawo dodo. Idan mai karatu ya lura, da dangin Nawal sun haɗiye kunyarsu sun riƙe yaron, da babu Abou Tarek. Marubucin bai faɗi haka ɓaro-ɓaro ba, amma tsarin labarin ya faɗa. Abin da mutum ya shuka shi yake girba, sai dai a nan waɗanda ba su yi shukar ba su ma sun sha girbi.

A cikin gari, akwai wata fitowa da muke ganin ta fi kowace ƙarfi, inda wani likita a gidan marayu yake bayyana wa Nawal dalilin da ya sa aka kwashe yaran. An kwashe su ne don ramuwar wasu samari da aka rataye. An rataye samarin don ramuwar wata yarinya da aka yi wa fyaɗe aka kashe. Haka ya yi ta komawa baya, daga gidan da aka ƙone zuwa rijiyar da aka rushe zuwa amfanin gonar da aka cinna wa wuta, har ya kai inda ƙwaƙwalwarsa ta tsaya, alhali sarƙar ba ta ƙare ba. Duk wanda ya taɓa zama wurin sasanta rikicin manoma da makiyaya, ko na ƙauyuka biyu masu maƙwabtaka, zai ji kamar a gabansa aka rubuta wannan fitowa. Kowane ɓangare yana da ranar da yake fara ƙirga, kuma ranar kullum ita ce wadda aka cuce shi, ba wadda ya yi cuta ba.

A cikin jini kuwa, shi ne abin da ya faru a Kfar Rayat. Yaƙin basasa ɗan ƙasa ne ke keta mutuncin ƙasar da ta haife shi, marubucin sai ya ɗauki wannan magana ya mayar da ita nama da jini a kan dandamali. Masu nazari sun daɗe da lura da dangantakar wasan da labarin Sarki Oedipus na Sophocles, wanda ɗalibanmu suka fi sani ta hanyar "The Gods Are Not to Blame" na Ola Rotimi. Mu ma muna da irin wannan a gida. A cikin "Jiki Magayi", ramuwar da Abubakar ya ƙulla wa Malam Shehu a kan ɗan ta sauka, har Kyauta ya kashe mahaifinsa bai sani ba. A cikin "Shaihu Umar" kuma uwa ce ta keta sahara tana neman ɗan da aka sace mata. Bambancin shi ne, a wasan Mouawad babu boka, babu sammu, babu wani duba da aka yi tun kafin haihuwa. Duk masifar da ta auku hannun mutum ne ya ƙulla ta, mataki bayan mataki.

Zubi da Tsari da Salo

An raba wasan kashi huɗu, kowane kashi gobarar wani ce: ta Nawal, ta ƙuruciya, ta Jannaane, da ta Sarwane. Fitowa 39 ce a cikinsa. Abin da ya fi jan hankali a tsarin shi ne yadda jiya da yau suke tsayawa a dandamali ɗaya a lokaci ɗaya. Mata uku ke fitowa a matsayin Nawal, ta ƙuruciya, ta tsakiyar rayuwa da ta tsufa. Sai ka ga Jeanne tana tafiya a titin Montreal, uwarta tana yarinya ta gifta ta gabanta tana neman hanyar Nabatiyé. A wata fitowa ana zaune a lambun Lebel ana sa hannu a takardu, leburori na fasa titi da inji, ana cikin haka ƙarar injin ta koma ƙarar bindiga, ruwan da ke ban-ruwan ciyawa ya koma jini, muka tsinci kanmu a gaban safar da ake ƙonewa. Wannan dabara ita kanta jigon ce, wato abin da ya wuce bai wuce ba, yana nan tsakar gida tare da mu. Fim bai iya yin haka ba, dole ya riƙa yankawa daga wannan zamani zuwa wancan. A nan dandamali ya fi kyamara.

Wuta da ruwa suna biye da juna tun daga farko har ƙarshe. Nawal ta nemi a zuba mata bokitin ruwa a kabari, a bokiti aka ɗauki tagwayen za a kai kogi, da ruwan sama kuma aka rufe wasan, kowa ya fake a ƙarƙashin tamfol ɗaya. Hausawa suka ce gobara daga kogi maganinta Allah. To ga wasan da gobararsa ta taso daga inda ake sa ran samun ruwa, wato daga uwa da ɗa.

Lissafi ma ya yi aiki. Jeanne tana koya wa ɗalibanta misalin gida mai kusurwa biyar, inda kowane ɗan gida yake ganin wasu daga kusurwarsa, ba ya ganin wasu. Ta ɗauka ta san kusurwarta, wasiyya ta rushe mata zanen. A ƙarshe kuma, da Simon ya rasa bakin da zai faɗa mata abin da ya gano, sai ya bi ta wata tsohuwar matsalar lissafi da Lothar Collatz ya kawo a 1937. Ka ɗauki kowace lamba. In tana rabuwa biyu daidai ka raba ta, in ba ta rabuwa ka ninka ta sau uku ka ƙara ɗaya, ka yi ta maimaitawa. Alal misali 6 za ta ba ka 3, 10, 5, 16, 8, 4, 2, sannan 1. Duk lambar da aka gwada a kan 1 take ƙarewa. Da haka Jeanne ta gane cewa mutum biyun da suke nema ɗaya ne. A ganinmu wannan gwaninta ce, domin abin da ya fi ƙarfin baki an bar wa alƙaluma su faɗa.

Ba za mu manta da Hermile Lebel ba, mutumin kirki mai surutu, wanda ba ya iya kawo karin magana bai karkace ta ba. Shi ne ke ba mai kallo damar yin numfashi. Duk wanda zai fassara wasan zuwa Hausa sai ya nemo masa karkatattun karin maganarmu, irin a ce komai nisan jifa sama zai faɗo. Haka kuma ma'aikacin jinyar nan, Antoine, wanda ya riƙa ɗaukar shirun Nawal a kaset, Jeanne ta zauna tana sauraren kaset ɗin da babu komai a ciki sai numfashi. Mun daɗe ba mu ga inda aka nuna kewar uwa da ƙaramin abu irin wannan ba.

Inda Muke da Ja

Yabon gwani ya zama dole, amma akwai wurare huɗu da ba mu gamsu ba.

Na farko, dacen ya yi yawa. A ce duk faɗin ƙasa da yawan kurkuku da masu azabtarwa, ɗan da ake nema shi ne zai faɗo a kan uwar da ke nemansa, wannan sai an danne hankali kafin a karɓa. Za a iya kare marubucin da cewa tafarkin Girkawa ya bi, inda ba a auna labari da ma'aunin yau da kullum. Mun yarda. Amma akwai wani haɗari da ya fi wannan. Mai kallo yana fita da kaɗuwa saboda matar uwarsa ce. To sauran matan fa? Lambar Nawal 72 ce, wato akwai waɗanda suka riga ta. Nihad bai san uwarsa ce ba, amma ya san mace ce, 'yar wani, wataƙila uwar wani. Laifinsa ya cika tun kafin a san dangantaka. Idan darasin wasan shi ne duk wadda ka ci zarafinta uwarka ce, to madalla. Amma nauyin asirin ya danne sauran matan har ba a jin motsinsu, kuma muna tsoron mai kallo ya tafi da tunanin cewa kuskuren rashin sani ne abin takaicin.

Na biyu, batun ilimi. Mu malaman makaranta babu abin da zai yi mana daɗi kamar wasan da ke cewa karatu da rubutu ne maganin gaba. Sai dai gaskiya ɗaya ce. Nawal ta yi karatun, ta kuma yi kisa. Muhawararta da Sawda, inda Sawda ke son a rama a kan kowa, ita kuma ta ce a tsaya kan shugaban kaɗai, ta nuna ilimi ya rage yawan jinin, bai hana zubar da shi ba. A zahiri ma, da yawa daga cikin waɗanda suka jagoranci yaƙin Labanon sun yi karatu mai zurfi. Amfanin da rubutu ya yi wa Nawal a ƙarshe ɗaya ne, ya ba ta damar barin shaida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai kai girman alkawarin da kakarta ta ɗora wa alƙalami ba, kuma wasan bai tsaya ya dubi wannan giɓi ba.

Na uku, marubucin bai ambaci sunan ƙasar ba ko sau ɗaya, bai ce Kirista ko Musulmi ko Bafalasɗine ko Ba'isra'ile ba. Mayaƙa ne kawai da 'yan gudun hijira da sojan waje. Ribar haka ita ce kowace al'umma tana iya ganin fuskarta a ciki, shi ya sa ma muke wannan rubutu. Hasarar kuwa ita ce, a Labanon an yi dokar afuwa a 1991 wadda ta yafe galibin laifuffukan yaƙin, wasu shugabannin mayaƙa suka zama ministoci da 'yan majalisa, dubban iyalai kuma ba su san inda aka kai 'yan uwansu ba. A ƙasar da aka binne sunayen masu laifi da gangan, wasan da ke wa'azin a fasa shiru bai kamata shi ma ya yi shiru a kan sunaye ba. Kotun da aka gurfanar da Abou Tarek a wasan, irinta ce waɗanda aka azabtar a Khiam ba su samu ba.

Na huɗu, adalcin Nawal ga tagwayenta. Ta rene su ba sakin fuska, ta yi musu shiru shekara biyar, sannan ta mutu ta bar musu dutsen da ita ta kasa ɗauka. Zagin da Simon ya yi wa gawar uwarsa zai yi wa kunnen Bahaushe nauyi ƙwarai, kuma ba mu goyi bayansa ba, amma ƙorafinsa yana da tushe. Wasiƙun ƙarshe, ɗaya ta tsana zuwa ga uban, ɗaya ta ƙauna zuwa ga ɗan, ɗaya kuma ta lallashi zuwa ga tagwayen, an rubuta su da zaƙin harshe mai sa hawaye. Sai dai zaƙin ya yi saurin rufe ciwon. Ba a nuna mana yadda Jeanne da Simon za su kwana su tashi da wannan sani ba, ba a kuma ba Nihad bakin amsawa ba. An sauke labule daidai inda wahalar gaske za ta fara.

Kammalawa

Duk da waɗannan, "Incendies" wasa ne da ya cancanci a karanta a kuma yi muhawara a kansa, musamman a wurinmu. An ruwaito sau da yawa cewa littattafan tarihi na makarantun Labanon sun tsaya ne a wajajen samun 'yancin kai a 1943, saboda an kasa daidaitawa a kan yadda za a ba da labarin yaƙin. Mu ma a wajajen 2009 aka cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ya yi kusan shekara goma ba ya nan kafin a fara mayar da shi. Iyayenmu da suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da yawansu sun koma ga Allah ba su ba mu labari ba. Tun daga 2009 kuma rikicin Arewa maso Gabas ya bar mana matan da aka sace suka dawo da goyo, da yaran da ake nunawa da baki a sansanoni da unguwanni. Waɗannan yara suna girma. Wasunsu sun kai shekarun zama a azuzuwan da muke karantarwa. Wata rana za su tambayi su wane ne iyayensu, kuma abin da muka yi musu kafin wannan rana shi zai nuna ko Jeanne muka rena ko Nihad.

Galibin wasannin da muke karantarwa, irin su "Uwar Gulma" da "Jatau Na Kyallu" da "Kulɓa Na Ɓarna", a kan aure da tarbiyya da zaman tare suka tsaya, kuma sun yi aikinsu a zamaninsu. Yanzu lokaci ya kawo wani nauyi. Ba muna cewa a ɗauki wasan Mouawad yadda yake a kai wa 'yan sakandare ba, domin akwai ashar da al'amuran da suka fi ƙarfin shekarunsu. Amma sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'i da kwalejojin ilimi suna iya fassara shi su gwada shi a dandamali. Marubutanmu kuma su dubi yadda aka ɗauki yaƙin shekara 15 aka shigar da shi cikin gida ɗaya, aka ba da labarinsa da bokiti da riga da jan littafi. Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba, labaran kuwa suna nan jibge a bakin matan da ba wanda ya tambaye su. Allah Ya ba mu ikon saurare, Ya kashe mana wutar da muka sani da wadda ba mu sani ba, amin.